Yoshuwa da Ordinatar Mai Kai Ukku

Wa ya aike ku? Na ce wa ya aike ku ku tambaye ni abin da ya shiga tsakanin kawunku Yoshuwa da ordinatar? Ɗiyan yanzu ba ku da sana'a sai tonon asirin manya. Kwanukan da na ce a wanke suna can karnuka na lasa, ku kuna nan kun buɗe baki kamar 'ya'yan tsuntsu. To, tunda kun tambaya, ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya katse ni kuma muciya za ta ba shi amsa.

A shekarar da esansi, man mota ke nan, ya yi wuya ne. Wata Baturiya mai aikin jinya a asibitin mishan za ta koma ƙasarsu, sai ta bar wa ikilisiyar garinmu ordinatar. Akwati ce fara, da gilashi kamar na tele, da wani faranti mai haƙora da ake dannawa, da injin bugawa mai ƙara kamar ana tsaga atamfa. Garinmu ba kuran, wutar lantarki, kun sani. Muntari mai injin niƙa, maƙwabcinmu Musulmi, shi ke ara mana gurup ɗinsa, injin ba da wuta, in za a tada ta.

Naomi, wata yarinyar ikilisiyarmu, ita kaɗai ta iya ta, don ta yi lakol, karatun boko, har Tawa. Wata ukku tana bin tsofaffin zumuntar mata gida gida da kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, muna rera mata waƙoƙinmu na sujada, waɗanda ba su cikin littafin kowa, tana rubutawa, tana zuwa tana zuba su cikin ordinatar. Waƙa arba'in da bakwai. Za a buga su littafi a raba ranar babban taron zumunta, da matan Keita da na Buza da na Madawa da na Azarori duk za su zo garinmu. Ba a taɓa yin haka ba a ƙasar nan, mu kuwa mun riga mun aika wa kowa cewa za a yi.

Ana saura mako biyu sai ga Yoshuwa ya dawo daga Yamai. Wata biyu ya yi can yana share wani biro, ofis ke nan, amma ya dawo da tabarau da jakar hannu, yana tafiya kamar ƙasa za ta ɓata masa takalmi. Ya biyo ta Ƙonni, inda wani ɗan Sakkwato ya cika masa leda da diskat, wasu 'yan faya-fayai baƙaƙe da ake cusa wa ordinatar a baki. Pasto kuwa ya tahi Buza wa'azi, ya bar masa makullin biron ikilisiya, inda ordinatar take, don ya riƙa sharewa.

Ya shiga ya tarar da Naomi tana aiki, Hannatu uwar zumunta na zaune gefe tana ɓarar gujiya. Ya leƙa gilashin, ya yi tsaki.

"Sistam nawa ke cikinta?"

Ita ordinatar, wai sai an zuba mata hankali kafin ta yi aiki, wannan hankalin suke ce wa sistam. Naomi ta ce ɗaya ne, mai jin Faransanci, kuma yana yi mata duk abin da take so.

"Ɗaya!" in ji Yoshuwa, ya dafe kai. "A Yamai ordinatar mai sistam ɗaya jaki ce."

"Jakin da ke kai kaya gida mi ya rage masa?" in ji Hannatu.

"Inna, ba za ki gane ba. Ukku zan sa mata. In an tada ta, ta tambaye ka wanne kake so, ka zaɓa kamar mai zaɓen zane a kasuwa. Cikinta zan raba kashi ukku, kamar gonar gado, kowane ya zauna a nasa."

"Ana rabon gona da hatsi tsaye a ciki?"

"Wannan tekinik ne, Inna."

"Mu dai mun ji tekinik. A buga mana waƙoƙinmu tukun, sa'an nan ka raba ta goma in ka so."

Yoshuwa ya ce dakor, wai ya yarda. Amma a ransa ya riga ya hango ranar taro: mata ɗari ukku sun kewaye shi, yana danna wannan ordinatar ta yi Faransanci, yana danna wancan ta yi Ingilishi, ana cewa ɗan wa ne wannan. Washegari Naomi ta tahi biki Azarori kwana huɗu, shi kuwa makulli na aljihunsa.

Ranar farko ya ja gurup ya kama aiki. Ya kunna gawayi don shayi, bai sami takarda ba, ya yagi kayen Naomi. Sauran shafukan ya naɗe diskat da su don kada su yi datti. A ganinsa zamanin takarda ya wuce, abin da ya shiga ordinatar ko gara ba ta cinsa.

Sistam na biyu diskat goma sha ukku ya ci. Ordinatar ta haɗiye ɗaya, ta yi gurnani, ta tofar, ta nemi wata. Muntari ya leƙo ta taga ya tsaya kallo.

"Yoshuwa, wannan dabbar taka ba ta ƙoshi?"

"Ilimi take sha."

"To esansina take sha da shi. Ka gaya mata ta rage."

Da la'asar abu ya yi. Gilashi ya kawo launi shuɗi da gajimare, har da karta da ake bugawa da hannu ɗaya. Yoshuwa ya fita waje ya zaga majami'a sau biyu don a tambaye shi mi ya faru. Wannan sistam shi muka sa wa suna Ɗan Najeriya, don Ingilishi yake yi. Tsohon, mai waƙoƙinmu, muka ce Bafaranshe.

Na ukkun shi ne Baƙo, don har yau ba wanda ya san daga ina yake. Ɗan Sakkwaton ma cewa ya yi gyara ne. Diskat ashirin da biyu gare shi. An kai ta sha bakwai lafiya, aka nemi ta sha takwas aka rasa. Can aka tsince ta bisa taga, rana ta gasa ta har ta lanƙwashe kamar busasshen kuɓewa. Yoshuwa ya hura mata iska, ya goge ta da riga, ya danne ta da dutsen niƙa, ya jiƙa tsumma ya lulluɓe ta gindin randa. Ordinatar ta ɗanɗana ta tofar. Ya sake cusawa ta sake tofarwa. Ana haka Muntari ya zo ya kashe gurup ya ɗora bisa amalanke, wai ana suna gidan ƙanensa za a sa lasifika. Baƙo ya tsaya nan, ƙafa ɗaya ciki ƙafa ɗaya waje.

"Ba komi," in ji Yoshuwa. "Baƙo ai ba ya shiga gida gaba ɗaya ranar farko."

Da Naomi ta dawo ta ga ragowar kayenta cikin toka, sai da ta zauna a ƙasa.

"Yaya Yoshuwa, mi na yi maka?"

"Ke, kwantar da hankalinki. Waƙoƙinki na nan ɗakin Bafaranshe, ko wasali ɗaya bai faɗi ba."

Ya tada ordinatar ya nuna mata. Gaskiya suna nan. Sai dai yanzu in an kunna, ordinatar takan yi ta gunaguni na wani lokaci, ba ka san yaushe za ta gama ba, sa'an nan farat ɗaya ta kawo tambaya da Ingilishi, ta kama ƙirga: biyar, huɗu, ukku, biyu, ɗaya. In ba ka danna komi ba, ta wuce wurin Ɗan Najeriya. Shi kuwa Ɗan Najeriya bai san waƙoƙin ba, injin bugawa ma ba ya jin maganarsa. Ga shi kamar raƙumi, tashi da wuya, durƙusawa da wuya. In ya kama tashi sai ka jira ya gama, ka lallashe shi ya kwanta, sa'an nan ka sake daga farko.

"Domi ba ka sa namu gaba ba?" in ji Naomi.

"Sabo ke gaba."

"To ƙirgan ka ƙara shi mana. Biyar ai ko atishawa ba ta isa ba."

"Biyar ta ishi mai ilimi."

"Nuna mini inda ake dannawa."

Ya cire hularsa ya rufe hannunsa da ita. Wai sirrin sana'a ne, wanda ya danna ba daidai ba waƙoƙi sun tahi ke nan. Daga ranar Naomi ko kusa da farantin ba ta yarda ta je ba. Kullum ta ce a buga, ya ce sai ranar Juma'a, in baƙi sun zo, don su gani da idonsu.

Juma'a ta zo. Pasto ya dawo, ya ce a buga kafin azahar, zai ɗauki takardun bisa moto ya kai Madawa a yi fotokofi. Muntari ya kawo gurup, ya ɗaga kwalba biyu ya nuna.

"Iyakar esansin da ke garin nan ke nan. In ya ƙare, ko hakimi ne sai dai ya tura da hannu."

"Rabin kwalba ma ya yi yawa," in ji Yoshuwa.

Ya sa farar riga, ya gyara tabarau, ya buɗe ƙofar biro da taga don a gan shi. Ya tsai da Naomi wurin injin bugawa da takarda a hannu. Motar Keita ta riga ta sauke mata, sun cika bakin ƙofa. Ya kunna. Ordinatar ta kama gunaguni, shi ya ɗaga yatsa sama kamar mai jiran kifi.

Tambayar na fitowa sai wata tsohuwa ta kutso.

"Salama! Kai, wannan ba Yoshuwa ba ne? Ni na goya ka da uwarka ta yi ciwon nono!"

To ku gaya mini, macen da ta goya ka, ka ce mata dakata? Ya miƙe. Ina kwana, ina gajiya, ina hanya, ina mutan Keita, ina ƙafar da aka ce tana damun ki. Ita ma ta tambayi uwarsa da matarsa da ɗiyansa ɗaya ɗaya, har da wanda ba a haifa ba. Ko da ya juyo, gajimare ya cika gilashi.

Matan suka yi guɗa, sun zaci abin ke nan.

"Wannan share fage ne," in ji Yoshuwa, gumi na bin wuyansa.

Sai da aka jira raƙumi ya tashi, aka lallashe shi ya kwanta. Wannan karon Yoshuwa ya rufe ƙofa ya sa sakata. Ya kunna. Gunaguni, gunaguni. Tambaya ta fito, biyar, sai ga hannu ya shigo ta taga. Alhusaini ne, wakilin maigari, ya zo yi wa baƙi barka da zuwa. Hannun babba kuwa ba a barinsa a rataye. Yoshuwa ya kama da hannu biyu. Ku kun san gaisuwar mazan Adar: a kama, a saki, a taɓa ƙirji, a sake kamawa. Alhusaini bai sake shi ba sai da ya ji labarin Yamai da farashin albasa a can. Gajimare ya sake cika gilashi.

Muntari ya ƙwala daga waje: "Kwalba ɗaya ta tahi!"

Naomi ta ce, "Yaya, don Allah ka nuna mini buton ɗin. Kai ka yi ta gaisuwa, ni in danna."

"Soja ba ya ba da bindigarsa ranar yaƙi."

Ya ɗauki alli ya rubuta a jikin ƙofa da manyan baƙaƙe cewa ba a gaisuwa, ya mai da sakata ya sake kunnawa. Mu da ba mu yi lakol ba muka ɗauka ado ne. Matan Buza kuwa, da motarsu ta iso lokacin, akwai masu karatu cikinsu. Suka karanta suka tsaya cirko-cirko. Mutum lafiyayye ya ce kada a gaishe shi? Ɗaya ta ce ko rasuwa aka yi masa. Wata ta ce a'a, ciwo ne, irin wanda ba a so a faɗa. Kafin ka ce mi, labari ya zaga cewa Yoshuwa na kwance biro rai a hannun Ubangiji. Suka tura ƙofa har sakata ta fita, su wajen ashirin, daidai ordinatar na cewa biyar.

"Sannu, ɗana! Ina jiki?"

"Lafiya ta lau!"

"Haka masu ciwon ke cewa. Dubi gumi. Ku kama shi mu yi addu'a."

Suka ɗora masa hannuwa, suka riƙe nasa biyun gam. Addu'ar matan Buza kuwa ba ta da gajere. Ta tsakanin zannuwa yana kallon gajimare na fitowa, ba halin ya motsa, sai amin.

Rana ta kusa tsaka. Pasto na zaune bisa moto yana duba agogo. Muntari ya girgiza gurup ya sa kunne.

"Saura tashi ɗaya. In ta wuce, ku nemi fitila."

Hannatu da kanta ta tsaya bakin ƙofa ta buɗe hannuwa, ta ce ko mala'ika ne ya jira. Mata sun cika taga da ƙofa, wasu sun hau benci. Yoshuwa ya cire tabarau don ya gani da kyau, ya sa yatsa dab da buton, ya kunna.

Sai Hannatu ta kauce daga ƙofa. Dole ta kauce, don Baba Ishaku ne, dattijon ikilisiya, wanda ya yi shekara talatin yana wanke miki a asibitin mishan. Kuma shi ne uban Godiya, matar Yoshuwa. An gaya masa surukinsa ba lafiya, ya taso da sandarsa.

Yoshuwa bai san sa'ad da ya tuɓe takalmi ya zube ƙasa ba. Gaban suruki ba a tsayuwa, ba a zama bisa kujera, ba a ɗaga ido. Ya durƙusa gindin tebur kansa a sunkuye, ordinatar na bisa kansa tana gunaguni.

"Barka da rana, Baba."

"Barka kadai. An ce jiki ya ƙi."

"Da sauƙi, Baba."

Ya ji gunaguni ya tsaya. Ya san an fara ƙirga. Kansa na ƙasa, sai hannunsa na dama ya kama hawa ƙafar tebur a hankali kamar hawainiya, ya kai bisa, ya lalubi faranti, ya danna. Ordinatar ta yi ƙara, ƙit. Bai tabbata ta ji ba, ya sake dannawa. Ta sake yin ƙit. Ya yi ta dannawa.

"Ina Godiya da yara?"

"Suna lafiya, Baba." Ƙit.

"Hatsin bana ya kai ku?"

"Mun gode Ubangiji, Baba." Ƙit, ƙit.

"Wai hannunka mi yake nema bisa tebur?"

"Ƙuda nake kora, Baba."

"Ƙudan nan da taurin kai yake."

Naomi na kallon gilashi, ta ga ba fuskar Bafaranshe ba ce. Baƙi ne wuluk, rubutu na gudu kamar tururuwa. Ashe ɗakin Baƙo hannun ya buɗe. Baƙo kuwa ya tashi ya ci gaba da aikin da ya bari, yana tambaya, Yoshuwa na amsa masa daga ƙarƙashin tebur.

Da gaisuwa ta ƙare ya miƙe, ya kalli gilashi, bai gane ko kalma ɗaya ba. Ya juya wurin mata ya buɗe hannu.

"Wala! Tana shiri ne. Yanzu za ku ga takarda."

Baba Ishaku ya matso, ya ciro nasa tabarau, na gaske. Shekara talatin tare da Turawa, Ingilishi ba ya ɓoye masa. Ya bi rubutun da bakin sanda yana fassarawa da ƙarfi, yadda yake karanta Littafi ranar Lahadi.

"Ta ce, in share gidan duka? Aka ce i. Ta ce, ka tabbata? Aka ce i. Ta ce, duk abin da ke ciki zai ɓace, ka dai tabbata? Aka ce i." Ya ɗan tsaya. "Abin nan na da ladabi, sau ukku ta tambaya. Yanzu ta ce ta share, a ba ta diskat ta sha takwas."

Gurup ya yi tari biyu ya mutu.

Sai kukan akuya can nesa.

"Ai ba ɓacewa suka yi ba," in ji Yoshuwa. "Sun shiga ciki-ciki ne. A Yamai..."

Naomi ta ajiye takardun hannunta, ta cire kallabi ta ɗaure ƙugu. Mata huɗu suka riƙe ta. Muntari ya leƙo ta taga ya ce shi dai a ba shi kwalabensa. Baba Ishaku ya dubi surukinsa tun daga kai har ƙafafun da ba takalmi, ya ce, "Ashe da gaske ba ka da lafiya," ya juya ya fita.

Hannatu ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka fitar da tebur gindin iccen bedi, aka kawo kujera, aka kawo farar takardar da aka tanada da bik ukku. Ta ce wa pasto ya sauka daga moto, tafiyar Madawa sai gobe.

"Zauna, anjeniyar. Waƙoƙin suna cikinmu, mu ba a share mu. Za mu rera, kai ka rubuta."

"Inna, arba'in da bakwai fa!"

"Ashe ka iya ƙirgan da ya wuce biyar."

Mata ɗari ukku suka kewaye shi, yadda ya yi ta fata. Aka kawo tulu da ƙwarya da caki. Naomi ta tsaya bayansa da tsinken zana, in ya tsallake kalma ta buga tebur. Mu rera baiti, mu tsaya, ya rubuta, ya karanta mana, mu ce ba haka ba ne. Matan Keita su ce a wurinsu "ruwa bisa dutse" ake cewa, matan Buza su ce "ruwa cikin fako", a yi ta gardama, shi yana riƙe da bik, a ƙarshe a ce ya rubuta duka biyun. Ni kaina goma sha ɗaya na rera masa, kuma ban rage ko amshi ba. Har rana ta faɗi muna ta sha tara. Asabar tun da hantsi aka koma. Yatsunsa suka kumbura, Godiya ta kawo masa ruwan ɗumi ya tsoma, ta tsaya ta rera masa tata ita ma.

Da la'asar pasto ya kai Madawa. Ranar Lahadi kowace mace ta koma garinsu da littafi a hannu, waƙa hamsin da biyu, don cikin gardama an tuno da biyar da Naomi ma ba ta samu ba. Rubutun kamar kaza ta bi ta kan laka, amma ana karantawa.

Ana sallamar baƙi, sai ga Yoshuwa bakin motar Keita, hannu naɗe da tsumma, tabarau a hanci, yana gaya wa direba: "Ka ga littafin nan? Ordinatar ta kasa, ni na yi shi da hannuna. Kwana biyu kacal."

Kun ji. Wanda na ji ya kai wannan magana gidan kawunku, ni da shi ne. Ku tashi, ku ɗauraye ƙafafunku, ku kakkaɓe tabarma. Ke, sauke ƙanenki daga cinyata, ya jiƙa mini zane da miyau. Kowa ya je ya kwanta.